Hular kwanon Michigan mai fukafuki, da maganar maguɗin da aka ce sun yi a 2023

To ɗan'uwa, ka ce ka kalli wasan ƙwallon Amurka na jami'o'i ka ga ƴan Michigan da wata hular kwano shuɗiya mai zanen rawaya a goshi kamar fukafuki da layuka uku da suka tafi har ƙeya, kana tambaya ko kunnuwan dabbar nan ne da suke kiran kansu da ita wato wolverine, sannan wani ya ce maka kofin da suka ɗauka a kakar 2023 ma na maguɗi ne. Amsar farko a'a ce, zanen nan babu ruwansa da wata dabba, kuma ba ma Michigan ce ta ƙirƙiro shi ba duk da cewa yanzu da ita aka san shi. Ta biyun kuwa sai ka ɗan yi haƙuri da ni, don ita ma a kan hular kwanon za ta ƙare.

Da farko dai kar ka ɗauka don an ce jami'a to wasan ɗalibai ne na bayan aji. Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor tana buga wannan wasa tun 1879, filinsu da aka buɗe a 1927 yanzu yana cin mutum 107,601, shi ne filin wasa mafi girma a duk Amurka, kuma a 2013 da suka karɓi baƙuncin Notre Dame sai da mutum 115,109 suka shiga. Wasan kansa mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, ana ba ka dama huɗu ka ci yadi goma da gudu ko da jifa, in ka kai ƙwallo ƙarshen filin abokin hamayya ka ci maki shida, shi ake kira tacdawun, bugun da ake yi ta tsakanin ƙarafa kuma maki uku ne. Sauran duk karo ne da kokawa da kayarwa, shi ya sa kai yake buƙatar kariya.

A shekarun 1920 da 1930 hular ba kwano ba ce ma, fata ce, ana ɗinka ta da ɗan abin laushi a ciki da marufin kunne, wasu ƴan wasan ma ba sa sawa sam don sai a 1939 aka wajabta ta a wasan jami'o'i. Kamfanonin da ke ɗinkawa, cikinsu har da Spalding, sun lura goshi ne ke shan karo fiye da ko'ina, sai suka riƙa ɗora wata fata ta biyu a goshin, an yanka ta da faɗi a tsakiya ta lanƙwasa ta yi sama ta gefe biyu, sannan a jawo madauran fata daga goshi zuwa ƙeya su riƙe hular kar ta baje. Kamar dai yadda baduku ke ƙara fata a inda ya san takalmi zai fara cinyewa. To wannan ƙarin fatar na goshi shi ne fukafukin da kake gani, madauran kuma su ne layukan uku. Kaya ne na kasuwa, kowace makaranta in tana da kuɗi za ta yi oda a kawo mata, kuma makarantu da dama sun sa irinta, har da Michigan State maƙwabtansu kuma abokan gabarsu waɗanda suka riga su sawa, abin da ƴan Michigan ba sa son a riƙa tuna musu kenan.

Wanda ya kawo ta Michigan sunansa Fritz Crisler. Mutumin ya yi wasa a Jami'ar Chicago ƙarƙashin Amos Alonzo Stagg, ya horar da Minnesota, daga nan ya koma Princeton a 1932 inda ya yi kaka biyu ba a doke shi ba, 1933 da 1935, kuma a 1935 ɗin ne ya sa wa ƴan Princeton irin wannan hula da launukansu na baƙi da ruwan lemo. A daidai lokacin ita Michigan tana cikin wani hali. Kocinsu Harry Kipke ya ɗauki kambun ƙasa a 1932 da 1933, daga nan sai abu ya lalace, a 1934 wasa ɗaya suka ci suka sha kashi bakwai, kuma gwarzon ɗan wasansu na wannan shekarar shi ne Gerald Ford wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ka ga ba kowace shekara ce ta yi masa daɗi ba. 1935 ci huɗu kashi huɗu, 1936 suka sake yin ɗaya da bakwai, 1937 huɗu da huɗu. Michigan State ta doke su sau huɗu a jere. Aka sallami Kipke aka ɗauko Crisler a 1938.

Da ya zo ya tarar ƴan wasan na sa baƙar hula irin ta kowa. Sai ya sa aka yi wa hular fenti shuɗi, fukafukin da madauran kuma aka yi musu rawaya irin ta masara, launukan da ɗaliban jami'ar suka zaɓa tun 1867. Dalili biyu ya bayar, yana so yaran su fito da sabuwar kama su manta da shekarun kunya, kuma yana ganin mai jifa zai fi saurin gano nasa a can nesa cikin cunkoso in kansa yana walƙiya da rawaya, don ka tuna lokacin kusan kowa hularsa baƙa ce ko ruwan ƙasa, fili kuma in an yi ruwa laka ce, rigunan duk sai su koma iri ɗaya. Ranar 1 ga Oktoba 1938 suka fara fita da ita, da wa? Da Michigan State. Suka ci 14 da 0, wani yaro Paul Kromer shi ya ci tacdawun ɗin duka biyu. A kakar suka ci wasa shida, suka yi canjaras 0 da 0 da Northwestern, wasa ɗaya tak suka rasa a hannun Minnesota da maki ɗaya, 7 da 6, suka rufe da lallasa Ohio State 18 da 0.

Yanzu in ka zauna da masoyan Michigan za su ce maka ai hular ce ta gyara musu jifa a shekarar. Jifan ya gyaru kam, amma ni ban yarda fenti ne ya yi aikin ba. A wannan shekarar ce Tom Harmon ya fara bugawa babbar ƙungiya, yaron da ya zo ya ci kyautar Heisman a 1940, wato kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, ga Forest Evashevski yana share masa hanya, ga sabon koci da ya san abin da yake yi. Ka ba waɗannan mutane baƙar hula ma za su ci wasa. Abin da hular ta samu shi ne sa'ar zuwa a ranar da aka daina shan kashi, sai mutanen gari suka haɗa ta da dawowar martaba, daga nan kuma wa zai iya cewa a cire? Princeton da ta riga su ta ajiye zanen bayan tafiyar Crisler, sai a 1998 ta dawo da shi. Michigan State ta bar nata. Ita Michigan ta riƙe, kuma riƙewar ce ta mayar da shi nata. Akwai ma ta uku da za ta iya ruɗa ka in ka gani a talabijin, Jami'ar Delaware, hularsu kusan sak, shuɗi da rawaya, saboda David Nelson wanda ya yi wasa a hannun Crisler ya zama kocinsu a 1951 ya tafi da zanen can.

Crisler bai bar aikin koci ba sai da ya ƙara wa hular nauyi. A 1945 da zai kara da makarantar sojoji ta Army mai ƙarfin gaske, yaransa ƙanana ne don yaƙin duniya ya kwashe manyan, sai ya raba su gida biyu, masu kai hari daban masu tsaro daban, ana musanya su, tsarin da yau kowa ke bi. A 1947 kuma ya ci wasa goma cikin goma, na goman shi ne Rose Bowl, babban wasan ƙarshen kaka na jami'o'i, ranar 1 ga Janairu 1948 inda ya yi wa Southern California 49 da 0, makin da Michigan ta ci Stanford da shi a Rose Bowl na farko a 1902 zamanin Fielding Yost. Shekarar da ta biyo baya Bennie Oosterbaan ya karɓa ya ci tara cikin tara.

Wurin da labarin ya fi ba ni sha'awa shi ne lokacin da fata ta tafi. Kamfanin Riddell ya fito da hular roba tun wajen 1939, bayan yaƙi ta fara yaɗuwa, zuwa shekarun 1950 fata ta zama tsohon yayi. To hular roba sumul take, ba ta buƙatar ƙarin fata a goshi, ba ta buƙatar madauri, wato fukafukin ba shi da sauran aiki ko na anini. Nan ne yawancin makarantu suka koma manna tambari a gefen hula, harafi ko hoton dabba. Michigan kuwa sai ta sa aka riƙa zana siffar tsohon ɗinkin da fenti a kan robar. In ka samu hoton hular na kusa ka duba, za ka ga babu harafin M a gefenta, babu hoton dabba, fukafukin yana farawa daga saman goshi ya lanƙwasa ya yi tsini a gefe biyu, layin tsakiya ya miƙe ta ƙoƙon kai, biyun kuma suna bin gefensa har su sauka a ƙeya, daidai inda zaren baduku yake bi a da. Kuma kowane sabon samfurin hula da ya fito da ramukan iska da lanƙwasarsa daban, sai masu kula da kayan ƙungiyar sun sake zaunar da zanen a kansa yadda ba zai karkace ba, shi ya sa in ka jera hular shekarun 1970 da ta yau za ka ga faɗin fukafukin da tsininsa ba ɗaya ba ne, amma daga nesa duk abu ɗaya ido ke gani.

Abubuwan da suka canza a waje ƙanana ne amma masoya suna faɗa a kansu kamar me. Ƙarfen kare fuska ya shigo a shekarun 1950, da farko sanda ɗaya ce, yanzu ya zama keji guda, launinsa a da toka-toka daga baya ya koma shuɗi. An taɓa rubuta lambar ɗan wasa a gefen hular a shekarun 1960, aka daina, aka dawo da ita a 2011 a wasan dare na farko da aka taɓa yi a filinsu, wanda suka ci Notre Dame 35 da 31 a daƙiƙun ƙarshe, daga baya aka sake cirewa. Sai sitika. Bo Schembechler da ya zo a 1969 shi ya kawo al'adar manna wa ɗan wasa ƴar sitika mai siffar ƙwallo a bayan hula in ya yi abin kirki, kuma a shekararsa ta farko ya doke Ohio State 24 da 12 alhali kowa na ganin ba mai iya taɓa su, kocinsu Woody Hayes kuma tsohon maigidansa ne, nan aka fara shekara goma na zazzafar adawa tsakaninsu har 1978. Su Ohio State hularsu ruwan azurfa ce, sitikarsu ta ganye ce, zuwa ƙarshen kaka sai ka ga hular wani ta cika maƙil. Lloyd Carr da ya zama koci a 1995 ya hana sitika a Michigan, kuma da hula mara sitika suka ci wasa 12 cikin 12 a 1997, shekarar Charles Woodson, lokacin Tom Brady yana zaman benci. Jim Harbaugh, wanda shi kansa ya buga wa Schembechler a shekarun 1980, ya dawo da ita a 2015. Kamfanin riga ma ya canza, daga Nike zuwa Adidas a 2008 zuwa Jordan a 2016, har an taɓa sa su cikin riga da wando rawaya zalla a wasan Florida na 2017, wanda ni dai bai yi min ba, amma hular ba wanda ya yi gigin taɓawa. Ka kwatanta da Oregon da kusan kowane mako da irin hular da za su fito da ita.

Cikin hular kuwa babu abin da ya rage na zamanin Crisler. Yanzu ɓawon na roba ce mai tauri, ciki da matasai masu shanye karo, wasu ma ana auna kan ɗan wasa a ƙera masa tasa. Tun 1978 dole hular da za a sa a wasan jami'a ta cika ƙa'idar gwaji. Sai dai hula tana hana ƙoƙon kai fashewa ne, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki, kuma da ta yi tauri sai ƴan wasa suka mayar da ita makami suna kai karo da ita. Likitan da ya fara nuna irin lalacewar ƙwaƙwalwar da wannan ke jawowa a jikin ɗan wasan ƙwallon Amurka ɗan Najeriya ne, Bennet Omalu, bayan ya binciki gawar Mike Webster a 2002, ya wallafa a 2005. Daga 2013 in ka kai wa mutum karo da saman hularka a wasan jami'a korarka ake daga fili.

To mu zo kan 2023. Sai ka san inda aka fito kafin ka gane dalilin hayaniyar. Daga 2012 zuwa 2019 Ohio State ta doke Michigan sau takwas a jere, a 2020 ta korona Michigan ta ci wasa biyu ta rasa huɗu, har aka rage wa Harbaugh albashi, da yawa sun ce a kore shi. Sai a 2021 suka juya, suka ci Ohio State 42 da 27, a ƙungiyar akwai Aidan Hutchinson da David Ojabo haifaffen Najeriya da ya tashi a Sukotlan, su biyun suka addabi masu jifa. 2022 suka sake ci 45 da 23 har gidan Ohio State. Amma duka shekarun biyu an fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, Georgia ta yi musu 34 da 11, jami'ar TCU ta jihar Texas ta yi musu 51 da 45. Saboda haka manyan ƴan wasan irin su Blake Corum mai gudu da ƙwallo suka ƙi tafiya NFL, wato gasar ƙwararru, suka dawo don su ƙarasa aikin.

Kakar ta fara babu Harbaugh a bakin fili, jami'ar da kanta ta dakatar da shi wasa uku kan wata tuhuma ta saɓa ƙa'idar neman ƴan wasa lokacin korona. Ba a ma ji rashinsa ba don wasannin farkon masu sauƙi ne, East Carolina 30 da 3, UNLV 35 da 7, Bowling Green 31 da 6. Da ya dawo abin ya ƙara muni ga abokan karawa, Nebraska 45 da 7, Minnesota 52 da 10, Indiana 52 da 7. Sai a tsakiyar Oktoba labari ya fashe cewa wani ma'aikacin ƙungiyar, Connor Stalions, yana sayen tikitin wasannin ƙungiyoyin da Michigan za ta haɗu da su nan gaba, yana tura mutane su zauna su ɗauki bidiyon bakin filin da waya.

Me suke ɗauka? Nan hular kwano ta dawo. A NFL tun 1994 akwai rediyo a cikin hular mai jifa, koci yana faɗa masa dabarar da za a buga kai tsaye a kunne. A wasan jami'o'i kuwa har 2023 babu wannan, sai dai a tsaya a bakin fili ana nuni da hannu, wani ya taɓa hanci wani ya dafa ƙirji, ana ɗaga alluna masu hotunan da ba su da kan gado, mutum uku ko huɗu suna yi lokaci ɗaya amma na mutum ɗaya ne na gaskiya sauran na ɓatar da sawu ne. In ka iya karanta nunin nan to ka san abin da za a buga kafin a buga. Kuma ka lura, karanta nunin abokin hamayya a lokacin wasa ba laifi ba ne, kowa na yi, ko daga hoton talabijin. Abin da doka ta hana tun 1994 shi ne ka tura mutum ya je da kansa ya leƙo wasan wanda za ka haɗu da shi a wannan kakar, da kuma ɗaukar nunin da na'ura. Wannan layin aka ce Stalions ya tsallake.

Kwana biyu bayan fitar labarin suka je gidan Michigan State suka yi musu 49 da 0. Stalions ya ajiye aiki a farkon Nuwamba. Ranar 10 ga Nuwamba ƙungiyar na cikin jirgi za ta Penn State hukumar gasar Big Ten ta dakatar da Harbaugh wasa uku, kuma su ne wasanni mafi wuya na kakar. Mataimakinsa Sherrone Moore ya riƙe. A Penn State ya yi wani abu da har yau ake zancensa, da ya ga masu tsaron Penn State suna isa ga mai jifa J.J. McCarthy da sauri, sai ya daina jifa, suka yi gudu da ƙwallo sau 32 a jere, kowa a filin ya san abin da za su yi amma an kasa tare su, aka tashi 24 da 15, Moore yana kuka a gaban kyamara. Mako na gaba suka sha da ƙyar a Maryland 31 da 24, wanda ya zama nasara ta 1,000 a tarihinsu, su ne na farko da suka kai wannan adadi. Sai Ohio State, duka biyun ba wanda aka doke. A zagaye na uku cikin huɗun wasan Zak Zinter, ɗaya daga cikin ƙartin da ke share hanya, ya karye a ƙafa, aka fitar da shi filin yana kiran sunansa, bugun da ya biyo baya Corum ya ɓalle ya ci tacdawun. Rod Moore ya cafke jifan ƙarshe na Ohio State, 30 da 24.

Harbaugh ya dawo suka ci Iowa 26 da 0 suka ɗauki kofin Big Ten. Ranar 1 ga Janairu 2024 a Rose Bowl suka haɗu da Alabama ta Nick Saban, ana binsu maki bakwai saura ƴan mintoci, McCarthy ya ja su har suka rama ta hannun Roman Wilson, a ƙarin lokaci Corum ya ci, sannan suka tare Jalen Milroe a damarsa ta huɗu saura yadi uku, 27 da 20, kuma wasan ƙarshe kenan da Saban ya jagoranta kafin ya yi ritaya. Mako guda bayan haka, 8 ga Janairu a Houston, mu nan tsakar dare ne, suka ci Washington 34 da 13, Donovan Edwards ya yi dogon gudu biyu tun zagayen farko, suka tara yadi 303 a ƙasa. Wasa 15 nasara 15, kambun farko tun 1997. Masu tsaronsu a kakar kusan maki goma kawai ake ci musu a wasa, babu wanda ya kai su a ƙasar.

Hukuncina kake so, to ga shi. An karya doka, wannan ba abin musu ba ne, a Agustan 2025 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta ci jami'ar tarar miliyoyin daloli, ta ɗaure Harbaugh da takunkumin shekara goma duk da ya riga ya koma Los Angeles Chargers a NFL, Stalions shekara takwas, Sherrone Moore ma ya samu dakatarwa. Wanda ya ce maka ba a yi komai ba so ne ya rufe masa ido. Kuma ni na fi ganin tabon a kan 2021 da 2022 da farkon 2023, lokacin da abin ke gudana ba a sani ba. Amma hukumar ba ta ƙwace kofin ba, ba ta soke ko wasa ɗaya ba, kuma ka duba jerin da kanka, Penn State, Ohio State, Alabama, Washington, duk an buga su ne bayan asiri ya tonu, Stalions ba ya nan, kowace ƙungiya ta samu makonni ta sauya nuninta, biyun farko ma babu Harbaugh a fili. Gudu 32 a jere ba ya buƙatar sanin sirrin kowa, ƙarfi ne kawai.

A Afrilun 2024, wata uku bayan kofin, NCAA ta amince a sa rediyo a hular ɗan wasa ɗaya na kowane ɓangare a manyan jami'o'i, ana manna masa koren ɗigo a bayan hula don alƙali ya gane shi, kuma ana yanke maganar in ya rage daƙiƙa 15 a agogon bugu. An daɗe ana maganar, kuɗi ne ake cewa ya hana ƙananan makarantu, rikicin Michigan ne ya ingiza ta. A kakar farko da rediyon, babu Harbaugh babu McCarthy babu Corum, Michigan ta yi rauni sosai ta rasa wasa biyar, amma duk da haka ta je har Columbus, gidan Ohio State, ta ci su 13 da 10, ƙungiyar da ita ce ta zo ta ɗauki kofin ƙasa a wannan kakar.